Sayen gonar inabi a Faransa ta hannun SAFER: inda hidimarta ta tsaya, inda aikin mai saye ya fara

Duk wanda ya yi niyyar mallakar gonar inabi a Faransa, ko ya so ko ya ƙi, sai takardarsa ta bi ta teburin SAFER. Kamfani ne mai sa ido kan cinikin ƙasar noma, ba na neman riba ba, kowane yanki da nasa, yana aiki ƙarƙashin idon ma'aikatun noma da kuɗi. Dokar noma ta 1960 ce ta kafa shi, a 1962 kuma aka ba shi ikon da ya sa kowa ke shakkarsa: idan aka ƙulla cinikin gona, yana iya shiga tsakani ya karɓe ta a madadin mai saye. Wanda ya san shufa'a a fiƙihu ya riga ya gane abin da ake nufi, bambancin kawai shi ne a nan ba abokin tarayya ne ke da haƙƙin ba, hukuma ce.

SAFER tana da fuska biyu. Ita ce mai gadin ƙofa, ita ce kuma dillaliya, domin tana tallata gonaki a shafinta na intanet, tana haɗa mai saye da mai sayarwa, tana karɓar la'adarta. Wannan fuska ta biyu muke dubawa. Ra'ayinmu a kanta shi ne: wajen sanin gaskiyar farashi da tsabtar takardu, da wuya baƙo ya sami ƙofar da ta fi ta, amma ba wakiliyar mai saye ba ce, kuma ba za ta shiga kunya-kunya ta ƙirga maka itatuwan da suka mutu ba.

Kafin komai, akwai maganar da ya kamata mai saye ya faɗa tun ranar farko. Mafi yawan gonakin inabin Faransa na yin giya ne, kuma irin da aka shuka a cikinsu ba shi ne wanda ake sayarwa a ci ba. 'Ya'yansa ƙanana ne, ɓawonsa da kauri, ga ƙwallaye, ba mai ɗaukarsa a kasuwar kayan marmari. Wanda ba ya son dukiyarsa ta shiga harkar giya, sai ya nemi gonar inabin ci, kuma wurarenta sanannu ne: Moissac a gundumar Tarn-et-Garonne, inda ake noman Chasselas mai tambarin asali, wato shaidar hukuma cewa amfanin na wannan yanki ne, tun 1971, da gindin dutsen Ventoux a Vaucluse, inda ake noman baƙin Muscat mai nasa tambarin tun 1997. Jami'an SAFER na waɗannan gundumomi sun san harkar sosai, amma gonakin da ke fitowa kasuwa ba su da yawa, ana iya daɗewa ana jira. Juya gonar giya ta koma ta ci kuwa ba gyaran fuska ba ne. Sai an tuge ko an yi wa kowane gindi sabon aure, an sake wayoyin da reshe ke hawa, an kawo ruwa, an tanadi ɗakin sanyi, an kuma sami hannayen da za su tsinke kowane nono na inabi ɗaya bayan ɗaya su gyara shi da almakashi. Wanda ke son yawa a wannan fanni, kudancin Italiya ya fi Faransa nesa ba kusa ba.

Abin da ya fi burge mu a hidimar shi ne alƙaluman farashi. Tunda doka ta tilasta a sanar da SAFER cinikin gonaki, ita ke riƙe da ainihin kuɗin da aka biya, ba wanda aka rubuta a talla ba. Duk shekara tana fitar da su kyauta, yanki-yanki, da farashin da aka fi saye a kai da na ƙasa da na sama. A nan ne baƙo zai ga cewa "gonar inabi a Faransa" ba abu ɗaya ba ne. Hekta ɗaya a Champagne tana kai Yuro miliyan 1. A Pauillac da ke gundumar Gironde, ta haura miliyan 2 a 2023. Amma a wannan gundumar ta Gironde, tafiyar da ba ta kai awa biyu a mota ba, hektar Bordeaux gama-gari ta sauko ƙasa da Yuro 10,000 a 2023. Ruwa ba ya tsami banza. A shekarar ce aka buɗe shirin biyan manoman Bordeaux Yuro 6,000 a kan kowace hekta don su tuge inabinsu, saboda kasuwar jar giya ta ja baya, a 2024 kuma aka buɗe wani shirin na ƙasa baki ɗaya a kan Yuro 4,000. Idan gwamnati na biyan mutane su tuge abu, mai shirin sayensa ya kamata ya tsaya ya tambayi kansa wa zai sayar wa amfanin. Attajiran Caina da suka yi rububin gidajen gona a Bordeaux bayan 2008, har Jack Ma ya sayi Château de Sours a 2016, da yawansu sun mayar da nasu kasuwa daga baya.

A lura, alƙaluman na ƙasa ce da itacen da ke kanta, ba mai haya a ciki. Gida, rumbun ajiya, tarakta, kayan da ke cikin tankuna da sunan kasuwanci, kowanne da nasa lissafin. Dillalai masu zaman kansu sukan dunƙule su a farashi ɗaya, a ɗora hoton gini mai hasumiya a sama. A nemi a warware su dalla-dalla, domin harajin kowanne daban ne, kuma sai an warware ake ganin nawa aka sa wa ginin, nawa aka sa wa gonar.

Yadda cinikin ke tafiya ta hannunta ya bambanta da abin da baƙo ya saba, kuma a nan mutane suka fi jin haushi. Ko da kai ka fara ganin gonar, ko da ka amince da farashin ba tare da tayi ba, ba ta zama taka ba. SAFER za ta liƙa sanarwa a ofishin magajin gari har kwana 15, duk mai so ya nema. Kowane mai nema zai cike takarda ya bayyana shirinsa: wa zai yi noman, da wane ilimi, da wane kuɗi, ina zai kai amfanin. Daga nan kwamitin gunduma ya zauna, wanda ya ƙunshi wakilan ƙungiyoyin manoma, majalisar noma, bankuna, zaɓaɓɓun yankin da sauransu, ya ba da shawara, wakilan gwamnati biyu, na noma da na kuɗi, su sa albarka. Farashi ɗaya ne ga kowa, don haka ƙarin kuɗi ba ya sa ka ci. Abin da ake aunawa shi ne shiri, kuma matashin da ke son fara noma ko maƙwabcin da gonarsa ta yi kaɗan yakan sha gaban mai jari daga waje. Wanda aka ƙi ana sanar da shi dalili, yana da wata 6 ya kai ƙara, amma lokacinsa da kuɗin binciken da ya kashe sun tafi.

Wannan tsari yana da ma'ana, mun yarda da shi, domin shi ya hana ƙasar noma ta ƙare a hannun 'yan tsiraru. Sai dai ga baƙo, darasin shi ne kada ya shigo shi kaɗai. Takardar da ke nuna cewa wani ƙwararren manomi ɗan yankin ne zai riƙe gonar da haya mai tsawo, ko cewa ma'aikatan da ke nan za su ci gaba da aikinsu, ta fi nauyi a gaban kwamiti fiye da takardar banki mai sifili da yawa. A manyan gidajen gona masu tsada kuwa, inda ƙaramin manomi ba zai iya nema ba, gasar takan yi sauƙi.

Wanda ya ci, yana samun abu biyu masu daraja. Na farko, an yafe masa harajin canjin mallaka. A cinikin da aka yi kai tsaye, kuɗin rajista da na notaire, wato jami'in shari'ar da doka ta ce shi kaɗai ke rubuta takardar mallaka, yakan kai kashi 7 zuwa 8 cikin 100 na farashi, kuma mafi yawansa haraji ne. Sai dai la'adar SAFER takan cinye kaso mai tsoka na abin da aka yafe, don haka a nemi a rubuta ta a fili a kwatanta, kada a ɗauka an tsinci dami a kala. Kotun binciken kuɗi ta Faransa ma ta soki wannan salo a rahotonta na 2014, tana ganin ana amfani da shi wajen kauce wa haraji a cinikin da da ma zai gudana ba tare da SAFER ba. Na biyu, amincewar wakilin gwamnati tana tsayawa a matsayin izinin noma. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin a Faransa mallakar gona daban, izinin nomanta daban. Wanda ba shi da takardar shaidar karatun noma ko shekara 5 na aikin gona, sai ya nemi izini daga ofishin gunduma, ya jira wata 4, wani lokaci 6, kuma ana iya ba wani.

A madadin haka za ka sa hannu kan sharuɗɗa na aƙalla shekara 10: gonar ta ci gaba da zama gona, ba sayarwa, ba ba da haya, ba rarrabawa sai da yardar SAFER. Wanda ya karya alkawari zai biya harajin da aka yafe da tara a kai. Mai niyyar saye ya juya bayan shekara uku, wannan ƙofa ba tasa ba ce.

Idan kuma ka bi ta dillali mai zaman kansa, ba ka tsere mata ba. Bayan an sa hannu a takardar alkawari an ajiye kafin alƙalami, yawanci kashi 5 zuwa 10 cikin 100 a asusun notaire, shi zai aika wa SAFER sanarwa. Tana da wata 2. In ta yi shiru, ta janye ke nan, kuma ana iya biyan wani ɗan kuɗi a sami amsa da wuri. In ta ga farashin ya wuce kima, tana iya karɓar gonar a kan farashin da ta rage, sai mai sayarwa ya zaɓa cikin wata 6: ya yarda, ya janye gonarsa daga kasuwa, ko ya je kotu. Shirunsa yarda ne. Ba kasafai take yin haka ba, amma duk takardar alkawari sai ta ɗauki sharaɗin cewa in hakan ta faru za a mayar maka da kuɗinka. Haka kuma kwana 10 da doka ta ba mai sayen gidan zama ya canza ra'ayi bai shafi gona zalla ba. Ka sa hannu, ka ɗauru, sai abin da sharuɗɗan da ka rubuta suka kwance. Tsohuwar dabarar sayen hannun jarin kamfanin da ya mallaki gonar maimakon gonar kanta ma an toshe ta da dokar Sempastous ta Disamban 2021: wanda zai riƙe sama da kashi 40 cikin 100 na ƙuri'un kamfanin, idan faɗin ƙasar da za ta taru a hannunsa ya wuce iyakar yankin, sai ya sami izinin préfet, wato babban wakilin gwamnati a gunduma. Ban da haka, mai sayen kamfani yana gadon basussukansa, na fili da na ɓoye, sai in an rubuta lamuni a kansu.

Yanzu ga inda hidimar ta gaza, kuma nan ne kuɗi ke zurarewa.

Takardar bayanin da SAFER ke bayarwa tana faɗin faɗin ƙasa, irin inabi, shekarar shuka da matsayin tambari. Daidai ne, amma daga takardu aka kwaso su. Ba a cinikin biri a sama, dole ka ɗauki naka ƙwararren, wanda kai ke biyansa, ya taka gonar da ƙafa. Lokacin da ya fi dacewa shi ne ƙarshen Agusta zuwa Satumba, ganye na nan, ciwo ya bayyana. A hunturu kowace gona lafiyayya ce a ido, kututture ne baƙi a jere. A ƙarshen bazara kuwa za ka ga ganyen da cutar esca ta kama, ya yi zane ja da rawaya tsakanin jijiyoyi kamar fatar damisa, maƙwabcinsa kuma ya bushe ƙurmus cikin 'yan kwanaki da 'ya'yansa a rataye. Za ka ga ganyen da ya naɗe bakinsa ƙasa, reshen ya ƙi yin itace ya zauna lagwai-lagwai, alamar flavescence dorée ke nan, cutar da wani ɗan ƙwaro ke yaɗawa. Doka ta tilasta feshi da tuge duk gindin da ya kamu, in kuma ta kama sama da kashi 20 cikin 100 na fili, a tuge filin gaba ɗaya. Mafi sharri ita ce court-noué, domin tana zaune a ƙasa, wata tsutsa da ido ba ya gani ke ɗaukarta daga saiwa zuwa saiwa. Ko an tuge an sake shuka, sabon ya kamu, sai an bar ƙasar ta huta shekaru da yawa ba inabi.

Ƙirgar gurabe ba ta da wuya, haƙuri take so. A zaɓi kunya ɗaya cikin kowace goma, a bi ta daga farko zuwa ƙarshe, a rubuta matattu, marasa lafiya da ƙananan da aka cike gurbi da su ba su fara haihuwa ba. A yawancin yankuna masu tambari, idan guraben da ba kowa suka wuce kashi 20 cikin 100, ana rage yawan amfanin da aka yarda ka fitar daidai da giɓin. Sabuwar shuka kuma sai shekara ta 3 take ba da abin kirki, kuma a yankuna masu araha kuɗin tugewa da sake shuka hekta ɗaya, da turaku da waya, ya fi kuɗin sayen hektar kanta. Saboda haka tsohuwar gona mai rahusa sau da yawa bashi ce aka miƙa maka da sunan kadara.

Sai a haɗa takardu uku a kwatanta. Taswirar filaye ta gwamnati don haraji aka yi ta, ba ta tabbatar da iyaka, sai safiyo mai lasisi ya kafa duwatsu. Rajistar inabi da ke hannun kwastan ita ke nuna abin da doka ta san an shuka a kowane fili. Taswirar INAO, hukumar tambarin asali da aka kafa a 1935, ita ke nuna ko filin na cikin yankin tambari, kuma iyakar takan ratsa tsakiyar gona ɗaya. Sau da yawa alƙaluman ukun ba sa haɗuwa, domin hanyoyi da wurin juyawar tarakta suna cin ƙasa. A biya kuɗin inabi a kan abin da aka shuka kuma aka yi wa rajista, sauran a biya shi kuɗin ƙasa. Filin banza da ke gefe ma ba a shuka masa inabin giya haka kawai. Tun 1 ga Janairun 2016 Tarayyar Turai ta koma tsarin izinin shuka, wanda bai wuce ƙarin kashi 1 cikin 100 a shekara ga ƙasa ba, ba a sayensa, ba a sayar da shi, kuma yankuna masu suna sukan matse nasu ƙasa da haka. Inabin ci bai shiga wannan ƙangi ba.

Maganar ɗan haya SAFER takan bincika ta da kyau, nan mun yaba mata. Amma a sake tambaya. Hayar gona a Faransa ba ta gaza shekara 9, tana sabunta kanta, gwamnati ke ƙayyade iyakar kuɗinta, kuma ko da baki aka ƙulla ta doka ta san da ita. Maƙwabcin da ya shekara yana noma wani ɓangare yana kawo wa mai gona wani abu duk kaka, yana iya zama ɗan haya ba tare da takarda ba, kuma manomin da ya cika sharuɗɗa yana da shufa'ar da kan riga ta SAFER. Fitar da shi sai a ƙarshen wa'adi, da sanarwar wata 18, kuma yawanci sai in kai ko wani daga iyalinka ne zai yi noman da kansa. Ma'aikata ma suna bin gonar zuwa sabon mai ita da shekarunsu na aiki da haƙƙoƙinsu. In gonar tana cikin ƙungiyar gama kai, a duba shekarun da suka rage na alkawarin kai mata amfani, a kuma san cewa biyanta kashi-kashi ne, yana jan watanni bayan girbi, alhali albashi da magani ba sa jira.

Ragowar abubuwan ƙanana ne a ido. Tazarar kunya ke yanke irin taraktar da za ka saya: a Médoc ana kai gindi 10,000 a hekta, sai doguwar tarakta mai tafiya ta saman kunya, a Languedoc kuwa wajen 4,000 ne, ƙaramar tarakta ta isa. Ba a sayen maganin feshi sai da shaidar Certiphyto, wato takardar da ke nuna ka san amfani da shi. Kusa da gidajen mutane akwai tazarar mita 10 da ba a fesa yawancin magunguna, har 20 ga mafi haɗari, don haka kunyoyin bakin gari darajarsu ta ragu. Jan ƙarfen da ake yaƙar fumfuna da shi an ƙayyade shi kilo 28 a hekta cikin shekara 7, kuma a tsofaffin gonaki ya taru a ƙasa, gwajin ƙasa ne kawai zai nuna. Rijiyar burtsatse da ake jan sama da kubik mita 1,000 a shekara sai da takarda, ga mai inabin ci kuwa gona ba ruwan da doka ta sani ba gona ba ce.

A nemi takardun girbi na shekara 10, ba 3 ba. A cikinsu za a ga abin da daskararren sanyin Afrilun 2017 da na Afrilun 2021 suka yi wa wannan gonar musamman, domin sanyi yana gangarowa ya kwanta a kwari kamar ruwa, filin da ke tudu ya tsira, na ƙasa ya ƙone cikin dare ɗaya. Za a ga shekarun ƙanƙara, da fumfunar da ta ci Bordeaux a 2023. Mai sayarwa da ya yi nauyin hannu wajen fito da waɗannan takardu ya riga ya ba ka amsa.

Ta fuskar mu'amala, komai da Faransanci ake yi, kuma saurin aiki ya danganta da jami'in da aka haɗa ka da shi da ranar zaman kwamiti. Mai saye yana da ikon ɗaukar nasa notaire ban da na mai sayarwa, ba tare da ƙarin kuɗi ba, su biyun ke raba ladan, kuma ya kamata ya zaɓi wanda ke zaune a yankin inabi. Shi zai nemi hujjar asalin kowane Yuro kafin ya karɓa, saboda dokar hana halasta kuɗin haram, don haka a shirya takardun banki da fassararsu tun kafin a fara neman gona. Mallakar gonar kuma ba ta ba da izinin zama a Faransa. Wanda ba ɗan Tarayyar Turai ba, bizar ziyara kwana 90 cikin 180 take ba shi, alhali datsar rassa kaɗai tana cin hunturu gaba ɗaya, feshi kuma daga Afrilu zuwa Agusta ba ya jiran mai gona ya sauka daga jirgi. Saboda haka sunan wanda zai riƙe gonar kullum, da albashinsa, ya kamata su shiga lissafi kafin a cike takardar nema.